An Ga Sunan Ilyas Jiya

Lomé, farkon watan Rajab

Zuwa ga Yaya Abdurrashid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kuma teku bai jigata ka ba. Mu nan lafiya, sai ƙafar Mma da ta sake kumbura, yanzu a zaune take salla. Daga ofishin fiton kaya inda nake aiki nake rubuto maka, don ka san gidanmu, ko a bayi mutum ya amsa waya sai Mma ta tambaye shi da wa yake magana.

Liman ya kira mu ranar Lahadi. Ya ce shekara huɗu ta cika tun da muka kai masa maganar Yaya Ilyas, kuma tun kiran nan da ya yi daga Sabha ta Libya babu wanda ya sake jin ɗuriyarsa. An tambayi direbobin Agadez, an tambayi waɗanda aka dawo da su daga Libya, shiru. Ya ce idan aka kai tsakiyar Sha'aban babu labari zai tara dattawa a yanke magana, a ɗauke shi a matsayin wanda ya rasu, a yi sadaka, matarsa Khairunnisa ta shiga takaba, in ta fita ta san inda ta nufa.

 Da muka dawo gida Mma ta kwanta ta juya fuska bango, ko tuwon dare ba ta taɓa ba.

Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, so nake a yi. Ilyas wana ne, ciki ɗaya muka fito, amma ina kallon Khairunnisa kullum tana ɗaukar cukun wagashi zuwa kasuwar Hédzranawoé, ba matar aure ba, ba bazawara ba. Ko kwalli ta saka sai an yi magana, in ba ta saka ba ma sai an yi. 'Yarsu Batul ta shiga makaranta, an ce ta zana gidansu, sai ta zana ubanta ba fuska.

Kai da Mma ta rene ka tare da mu tun rasuwar iyayenka, ka fi kowa sanin halinta, ka rubuto mata 'yan kalmomi in karanta mata.

Na kusa mantawa. Sagiru mai salle, shagon wasan kwamfuta, ya tare ni a bakin masallaci ya ce lallai in gaya maka kamfanin za su rufe tsohon wasan nan naku na harbi, wanda kuke cewa Na Ɗaya, a ƙarshen Sha'aban, kowa ya koma Na Biyu. Yadda ya faɗe shi sai ka ce rasuwa yake sanarwa. Ga saƙo na isar, ku da shirmenku.

Ƙanwarka,
Hanane

*

A kan teku, bayan mun bar Las Palmas

Zuwa ga ƙanwata Hanane,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki a Las Palmas. Lafiyata ƙalau, sai bayan da ke ciwo da kunne da ya cika da ƙarar inji. Ban iya amsa miki a can ba, na zauna gaban kwamfuta hannuna ya ƙi. Yanzu nake rubutawa a ɗakina, amma ba za ta tafi ba sai mun isa Durban, don kyaftin ɗinmu ya fi ƙaunar intanet ɗinsa a kan 'ya'yansa.

Abin da Liman ya ce daidai ne. Na rubuta wannan na daɗe ina kallonsa, amma daidai ne. Ki gaya wa Mma ina gaishe ta, ina tare da ita, kuma Khairunnisa amana ce a hannunmu. Ki tsara maganar yadda za ta shiga kunnenta, kin fi ni iya baki.

Saƙon Sagiru kuwa ya taɓa ni fiye da yadda ya kamata babban mutum ya yarda. A gidan hutawar ma'aikatan jirgi na Las Palmas akwai kwamfutoci, kuma wani ɗan Filifin ya saka duka wasannin biyu. Na fara da Na Biyu, don ban taɓa gwada shi ba. Hanane, kyau kam akwai shi. Ruwa kamar ka sa hannu, hayaƙi kamar ka yi tari. Amma ban san kowa ba kuma ba wanda yake so ya san ni. Injin ne ke zaɓa maka abokai, a gama zagaye ya watsa ku, ya kawo wasu. Kowa ya sayi riga mai walƙiya yana tsalle yana zamewa a ƙasa. Idan aka harbe ka ba ka jiran kowa, kafin ka ja numfashi ka fito sabo a wani lungu. Na mutu ya fi a ƙirga, ko a jikina.

Sai na buɗe Na Ɗaya. Mummuna ne, na manta haka yake da muni, fuskokin sojojin kamar an fafe su daga doya. Amma ga filin nan da muke cewa Tasha, mai kwantena da doguwar na'urar ɗaga kaya, wanda Ilyas ya rantse daga tashar jirgin Lomé suka kwafe shi. A Na Ɗaya idan ka faɗi, ka faɗi ke nan. Kana kwance kana kallon sama har sai ɗan'uwanka ya ratso wuta ya ja ka bayan kwantena ya ɗaga ka. In bai zo ba, ka zauna kallo har a tashi. Shi ya sa muke sanin juna. Ka san wanda zai zo da wanda zai ce bai gan ka ba. Ilyas kullum yana zuwa, ko da wauta ce zuwan, mu mutu tare Sagiru yana zagin mu.

Zan gaya miki wani abin dariya da ko Sagiru bai sani ba. Ni ban taɓa samun suna nawa a Na Ɗaya ba. A salle da sunan baƙi nake shiga. Ilyas ne ya sayi nasa, Ilyas228, ya ba ni kalmar sirrin, duk ranar da yake dako a tasha sai in je wani shagon intanet a unguwar Agoè in buga da sunansa don kada matsayinsa ya sauka. Samarin Zongo suka yi ta cewa Ilyas aljani ne, yana dako yana harbi a lokaci guda. Mu kuwa sai mu haɗa ido mu yi shiru.

To yatsuna ba su manta kalmar ba. Na shiga. Mutanen da suka rage ba su cika ɗaki biyu ba, yawancinsu tsofaffin hannu irina. Na buga zagaye ɗaya, wani ya harbe ni kusa da na'urar ɗaga kayan, na kwanta ina jira. Wani baƙo da ban san ƙasarsa ba ya zo ya ja ni. Da ya ɗaga ni sai na kashe kwamfutar na fita waje, don ba na so 'yan Filifin su ga fuskata.

Na Biyu ya fi komai kyau, kuma ba zan sake taɓa shi ba. Ki gaya wa Sagiru haka. Ki shafa mini kan Batul.

Yayanki,
Abdurrashid

*

Lomé, tsakiyar Rajab

Yaya Abdurrashid,

Assalamu alaikum. Na san kana tsakiyar ruwa, ba ka ma amsa ta farko ba, amma ba zan iya riƙe wannan ba. Kowa lafiya. Mma ta tashi. Da ƙafarta ta taka har tsakar gida.

Yaya Ilyas yana raye.

Ashe Sagiru ya bar kwamfuta ɗaya a ƙuryar salle da tsohon wasan a kai, bai taɓa gaya wa kowa ba. Duk Juma'a bayan an sauko sai ya buɗe jerin abokansa ya duba sunan Yaya Ilyas. Shekara huɗu abu ɗaya yake gani. Wannan Juma'ar ya buɗe, sai ga shi an rubuta a ƙarƙashin sunan: dernière connexion, hier, wato shigarsa ta ƙarshe jiya ce. Jiya, Yaya. Ya ce sai da ya kashe ya sake kunnawa don ya ɗauka idonsa ne. Ya hau zemijan, babur ɗin haya, ya zo gida ko takalmi bai saka daidai ba.

Na ce masa, "Sagiru, ba wani ne ya sace sunan ba?"

Ya ce, "Wa zai saci suna a wasan da za a rufe? Hanane, réfléchis, ki yi tunani. Kalmar sirrin nan ko ni bai ba ni ba, ni da muka tashi tare. Shi ne. Ya ji za a rufe ne ya leƙo."

Mun kai Liman har salle, ka yi tunanin Liman a cikin wannan ɗakin, yara suka miƙe tsaye kamar an shigo da gawa. Ya sa tabarau ya duba, ya sa aka fassara masa, ya tambayi Sagiru ko zai rantse. Ya ce zai rantse. Liman ya ce to ba za a yi wa mai rai sadakar mutuwa ba, zaman Sha'aban ya fasa, kuma tunda alama ta bayyana sai a sake jira daga farko.

Mma ta sa an dafa shinkafa da wake an raba wa unguwa. Tana ta cewa kunya ce ta hana shi kira, ya tafi neman arziki bai samu ba, haka ubansa yake. Ta sa an wanke rigunansa.

Khairunnisa ta yi kuka, ta yi dariya, daga baya na same ta a bayan ɗaki zaune a kan turmi. Ta ce mini, "In yana da hannun da zai buga wasa, ba shi da hannun da zai kira ni?"  Amma yana raye, sauran duk mai sauƙi ne.

Ina jin kunyar abin da na rubuta maka a wasiƙar farko. Ka goge ta.

Hanane

*

Durban, farkon Sha'aban

Hanane,

Salam. Ina lafiya. Yau muka iso. Na tura miki wadda na rubuta a teku, sannan na buɗe taki, da na san abin da ke ciki da na fara karantawa.

Ki karanta tawa har ƙarshe, kada ki tsallake wurin wasan kamar yadda kika saba. Ranar Alhamis ce na shiga a Las Palmas. Ni ne jiyan da Sagiru ya gani. Ba Ilyas ba ne, ni ne.

Wallahi ban kawo a raina akwai mai duba sunan nan ba. Na ɗauka kabari na je ziyarta ni kaɗai. Tun da na karanta wasiƙarki na kasa cin abinci, shugaban ɗakin inji ya kore ni daga aiki ya ce zan sa hannu a inda ba a sawa.

Injinmu ya samu matsala, za mu daɗe a nan ana gyara, don haka zan riƙa ganin saƙonki kullum. Ki je wurin Liman yau. Ki nuna masa wannan. Idan yana so in rantse ta waya zan nemi waya in rantse. A mayar da zaman Sha'aban yadda yake. Mma kuwa ban san yadda za a yi ba, amma ki fara da Liman.

Ki yafe mini.

Abdurrashid

*

Lomé, Sha'aban

Yaya,

Na samu duka biyun. Lafiya muke, in wannan ce lafiya. Na yi kwanaki ban amsa ba don da na amsa a ranar da na zage ka, kai kuma yayana ne.

Ban je wurin Liman ba. Ban gaya wa kowa ba. Kana can kana cewa ki je yau, ki nuna masa, kamar takardar fiton kaya ce. Ba ka ga Mma ba. Matar da ta shekara da ƙyar take wuce ƙofar gida, yanzu kullum bayan la'asar sai ta sa mayafi a ɗauke ta a mota zuwa salle. Sagiru ya ajiye mata kujerar roba kusa da kwamfutar. Yara suna ta harbe-harbensu a Na Biyu, ita tana zaune da carbi tana kallon suna ɗaya a tsohon allo, wai in ya shigo sunan zai zama kore. Ta yi ƙiba, Yaya. Jiya har tsokanar mai koko ta yi.

Sagiru ya bar masa saƙo a cikin wasan, ya ce ya shigo ranar Alhamis ta ƙarshe kafin a rufe, bayan la'asar ɗinmu, Mma za ta yi masa magana. Ta ɗinka sabon zane saboda ranar.

Ga abin da nake roƙonka. Kai ka kunna wutar nan, kai za ka zauna a cikinta. Ka shiga ranar. Kada ka ce komai, Sagiru ya riga ya ce mata wataƙila ba shi da abin magana a inda yake. Ka tsaya kawai ta gan ka, ta faɗi abin da za ta faɗa. Bayan kwana biyu za a rufe wasan, shi ke nan, ta riƙe cewa ɗanta yana wani wuri yana jin kunya. Da wannan za ta iya rayuwa. Da ɗayan ban sani ba.

Na san me za ka ce. Khairunnisa. Ina kwana ɗaki ɗaya da ita, ba sai ka tuna mini ba. Wata shekara huɗun. Na ce wa kaina ita yarinya ce za ta iya jira, Mma ba za ta iya ba. Na faɗa, na ji ƙyamar bakina, kuma ban janye ba. Shekaranjiya ta mayar wa wani malamin makaranta turaren da ya aiko mata ta hannun yayarsa, mutumin kirki, ya yi shekara yana jiran zaman Liman. Ta ce a gaya masa mijinta ya kusa dawowa. Ba ta kalli kowa ba da take faɗa.

Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka shiga.

Hanane

*

Durban, Juma'a da dare

Hanane,

Ina fatan Mma lafiya. Wannan ce kawai gaisuwar da nake da ita, ki amsa mini ita kafin komai.

Kin ga na shiga kamar yadda kika ce. Na yi niyyar yin shiru, Allah Ya sani. Na ma cire abin maganar daga bakina na tura shi sama.

Ban san me kuka gani a naku allon ba. Ni dai Sagiru ya buɗe ɗaki mu biyu kawai, a Tasha. Ban taɓa ganin filin nan ba harbi ba. Ashe akwai kukan tsuntsayen teku a ciki, shekara nawa muna bugawa ban taɓa ji ba. Sojansa ya zo ya tsaya a gabana ya sauke bindiga. Na ji yana cewa, "Mon frère, ɗan'uwana, kai ne?" Na cije.

Sai muryar Mma. Ta ce, "Ilyas, kana ji na? Ni ce." Ta ce kada in damu da kuɗi, in dawo ko da riga ɗaya. Ta ce ɗakin yana nan, Batul ta iya Fatiha. Ta ce ƙafarta ta warke. Duk na jure wannan, ina kallon kwantena ina karanta lambobin jikinsu.

Daga nan na ji ana cewa a ba matarsa.  Na ji numfashinta kafin maganarta. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Ilyas, ko ka dawo, ko ka sallame ni. Na gaji." Ba kuka a ciki, da ma da kuka ne da sauƙi.

Hanane, ina zaune da sunan mutum, matarsa tana roƙona abin da shi kaɗai ke da ikon bayarwa. In na yi shiru na ɗaure ta da hannuna. Na jawo abin maganar na ce, "Khairunnisa, ba Ilyas ba ne. Abdurrashid ne. Wancan karon ma ni ne. Ban san inda yake ba."

Ban ji amsa ba. Layin gidan hutawar ma'aikatan jirgi na nan Durban ya yanke a daidai nan, allo ya daskare, sai ya fitar da ni. Na yi ta gwadawa har mai gadin ya zo rufewa. Ban san ko ta ji ba. Ban san ko ita kaɗai ta ji ko har da Mma. Ban san ko na faɗa a banza ba.

Da safe na ga yaran jirginmu suna buga Na Biyu, ana kashe su suna tashi suna dariya. Na tsaya a bayansu ina jin haushinsu, su da ba su yi mini komai ba.

Gyara ya ƙare, jibi za mu tashi. Ki rubuto kafin nan, ko zagi ne.

Abdurrashid

*

Lomé, farkon azumi

Yaya Abdurrashid,

Assalamu alaikum. An sha ruwa lafiya. Na san wannan ba za ta same ka ba sai tasha ta gaba, ban iya rubutawa kafin ku tashi ba. Mma tana nan da rai. Ta koma salla a zaune.

Kowa ya ji. Sagiru ya cire abin kunnen tun farko ya sa a lasifika don Mma ba ta son abu a kanta, kuma rabin Zongo yana cikin salle ɗin da bakin ƙofa. Muryarka ta fito har titi.

Ba wanda ya motsa. Sagiru ya dafe kai. Khairunnisa ta ajiye abin maganar a kan tebur a hankali, ta juyo ta kalle ni, ni kaɗai, ta ce, "Kin sani?" Na ce na sani. Tun ranar ba ta kwana a ɗakina ba.

Sojanka bai ɓace nan take ba, ya tsaya a allon yana ɗan numfashi yadda suke yi. Mma ta miƙa hannu ta ɗauki abin maganar. Ta ce, "Rashidu, na ji ka. Yi shiru yanzu, ba da kai nake ba." Ba mu gaya mata layinka ya yanke ba.

Sai ta ci gaba da magana da Yaya Ilyas. Ta ce ta yafe masa tafiyar da ya yi ba sallama. Ta yafe masa nonon da ya sha. Ta ce in yana da sauran numfashi Allah Ya kawo shi, in kuma ya riga mu Allah Ya sa ƙasar da ta rufe shi ta yi masa sauƙi, ko da ba wanda ya yi masa wanka. Tana cikin magana sojan ya ɓace, sunan ya koma toka. Ta gama addu'arta tukuna, ta shafa, ta ce a kira mata mota.

Washegari da kanta ta aika a kira Liman. An yi zaman, an yi sadaka ranar Lahadi. Khairunnisa ta shiga takaba, kuma ta ce a gidan iyayenta za ta ƙarasa, Liman ya yi ta magana ta ƙi. Ta tafi da Batul. Gidan yanzu ni da Mma ne. Malamin makarantar nan an ce ya nemi wata a Kpalimé tun da aka mayar masa da turarensa.

Ka yi daidai. Na rubuta maka don ka sani, amma ban ji daɗinka ba har yanzu, kuma ban ji daɗin kaina ba. Mma ta ce in gaya maka ba ta riƙe ka da komai ba. Ta ce kuma idan jirginku ya tsaya Lomé ka sauka wurin Sagiru tukuna, za ta aiko in ta shirya.

An rufe Na Ɗaya ranar Asabar. Sagiru ya zo gaishe da Mma jiya bayan shan ruwa, ya zauna a bakin ƙofa yana ta juya hula. Ba ta cika magana yanzu ba, sai ga shi ta tambaye shi ko sunayen mutane duk sun tafi tare da wasan. Ya ce a'a Mma, ana iya mayar da suna sabon, amma sai kamfanin sun tura wata lamba zuwa wayar mai sunan, shi kuma ya amsa.

Ta ci gaba da jan carbi, har na ɗauka ta bar maganar. Sai ta ce, "To a tura masa mana."

Sagiru ya kalle ni. Na tashi na kwashe kwanuka.

Allah Ya kai ku tasha lafiya.

Ƙanwarka,
Hanane